Rijiyar da Hajaratu Ba Ta Gani Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, na gida da na kan hanya, da ku masu zaman jinya a asibiti da kuka rage muryar rediyo don kada ku ta da marar lafiya. Maƙwabtanmu Musulmi da kuka tsaya a wannan tasha, sannunku da zuwa, ku zauna tare da mu. Wuya ba ta tambayar mutum inda yake ibada kafin ta yi sallama a ƙofarsa.

Akwai wata tambaya da ke yawo a gidajen masu bi a ƙasar nan, amma da wuya ka ji an yi ta da rana. Ranar Lahadi in ka ce wa mutum yaya gida, zai ce mun gode Allah. Yaya aiki, da godiya. Sai dare ya tsala, yara sun yi barci, wasu da abinci a ciki wasu babu, sannan uwa ta zauna a bakin gado ta yi tambayar a ranta: wai shin Allah yana ganina kuwa? Yana nan, ko ya juya mini baya?

Dalilan tambayar ba ɓoyayyu ba ne. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, albashin da ke kai mutum ƙarshen wata ya koma da ƙyar yake kai shi tsakiya. Akwai manoman da ke hango gonarsu daga bakin gari amma ba su isa su shiga ba. Akwai gidajen da suka sayar da gona da shanu da keken ɗinki don haɗa kuɗin fansa, wasu aka sako musu nasu, wasu aka karɓi kuɗin aka riƙe mutum. A Maiduguri, cikin Satumbar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutanen da suka riga suka yi gudun hijira sau ɗaya suka sake saɓa yara a kafaɗa suna neman tudu. Wanda ya ɗanɗana ɗaya daga cikin waɗannan, in ya tambaya ina Allah yake, ni ba zan ce masa ya yi saɓo ba.

Littafi Mai Tsarki ma bai ce masa haka ba. Ka buɗe Zabura ta 88 ka karanta daga farko har ƙarshe. Kuka ne zalla, kuma ba ta ƙare da ta'aziyya ba, cikin duhu ta ƙare. Duk da haka aka bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai littafi guda sukutum mai suna Makoki, wanda ke kukan rushewar Urushalima. Ubangiji Yesu da kansa, a kan gicciye, ya ɗaga murya ya tambayi Uba dalilin da ya sa ya yashe shi. Saboda haka, 'yar'uwa, in kin yi wannan tambaya daren jiya, kada ki ɗora wa kanki laifi a kan nauyin da kike ɗauke da shi. Wanda ke tambayar Allah ina yake, ai har yanzu da Allah yake magana.

Bari in kai ku wurin wata mata da ta kai maƙura, a Littafin Farawa sura 21. Hajaratu ce, baiwa 'yar ƙasar Masar, uwar Isma'ilu. Rikicin cikin gida ya kai ga an sallame ta. Ibrahim ya tashi da sassafe, ya ba ta gurasa da salkar ruwa, ya ɗora mata a kafaɗa, ta kama hanya da ɗanta. Ta yi ta gararamba a jejin Biyer-sheba har ruwan salka ya ƙare ƙaf. Ku iyaye mata kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace, ta ja da baya kamar nisan harbin kibiya, ta zauna, domin ba za ta iya kallon ransa yana fita ba. Ta fashe da kuka. Ba a ce ta yi doguwar addu'a ba. Ba a ce ta yi azumi ko ta tuna wani alkawari ba, ko da yake a sura 16 mala'ikan Ubangiji ya taɓa samunta a bakin wani marmaro, ya yi mata alkawari a kan wannan yaron. Ƙishirwa ta shafe duk wannan daga zuciyarta.

To, me Allah ya yi? Ya ji kukan yaron. Mala'ika ya kira ta da sunanta, ya ce kada ta ji tsoro, ta tashi ta riƙe ɗanta. Sannan Allah ya buɗe mata ido, sai ga rijiya. Ku lura da wannan da kyau. Littafin bai ce an haƙa sabuwar rijiya ba, bai ce an yi ruwan sama ba. Idonta aka buɗe. Tana zaune tana jiran mutuwar ɗanta, ruwa kuwa yana kusa da ita, hawaye da fid da rai sun hana ta gani. Mutanenmu na karkara sun san irin wannan. Da rani kogi yakan ƙafe har yara su yi wasa a tsakiyarsa, baƙo ya wuce ya ce nan babu ko ɗigo, amma matan garin su zo da ƙwarya su tona yashi kamu biyu, ruwa ya tsattsafo.

Akwai abu na biyu a labarin da ba a cika faɗa ba. Allah bai mayar da Hajaratu gidan Ibrahim ba. Bai ɗauke ta daga jeji ya kai ta birni ba. A jejin ta ci gaba da zama, a nan yaron ya girma ya zama maharbi, kuma Littafin ya shaida cewa Allah yana tare da shi. Mu kuwa mun saba auna kasancewar Allah da abu ɗaya tak: ya fitar da ni ko bai fitar da ni ba? In ciwo bai warke ba, in bashi bai biyu ba, in ba a koma gida ba, sai mu yanke hukunci cewa bai zo ba. Hajaratu ta sha ruwa a cikin jejin da aka kore ta zuwa.

Annabi Iliya ma ya shiga irin wannan makanta, shi da ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel. Saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya ranta a na kare. Ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a ƙarƙashin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Amsar da ya fara samu tana ba ni mamaki kullum. Ba a yi masa faɗa ba, ba a yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashe shi ya ƙara ci. Allah ya san bawansa ya gaji kuma yana jin yunwa, sai ya fara daga nan. Da ya isa Dutsen Horeb, aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya. Daga baya ne wata 'yar siririyar murya ta zo.

Ku saurari ƙarar da Iliya ya kai. Ya ce shi kaɗai ya rage. Alhali a sura 18 ta Littafin Sarakuna na Fari, Obadiya, wakilin gidan sarki Ahab, ya riga ya gaya masa da bakinsa cewa ya ɓoye annabawa 100 a cikin kogo, hamsin-hamsin, yana kai musu abinci da ruwa. Iliya ya ji wannan da kunnensa, amma tsoro ya mantar da shi. Allah ya ƙara masa da cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma tura shi ya je ya nemo Elisha ya zama abokin tafiyarsa. Haka wuya take yi wa mutum. Takan matse masa ido har ya daina ganin kowa sai kansa da damuwarsa.

A nan dole in faɗi wata magana, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Akwai masu wa'azin da ke ƙara wa mutane wannan makanta. Su ne masu cewa talauci alamar rashin bangaskiya ne, ciwo kuma la'anar gado ce, in kana son Allah ya waiwaye ka sai ka shuka iri, ka sayi man shafawa, ka kawo ambulan. Gwauruwar da ke da mudu ɗaya na masara sai ta sayar ta kai, ta koma gida ta jira, shiru. Yanzu ga yunwa, ga kuma zargin kai cewa bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Wannan zalunci ne, kuma da sunan Allah ake yin sa. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai suna zaune da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a nan suka fi kyautawa. Da suka buɗe baki suka fara neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata komai, har a ƙarshen littafin Allah ya husata da su. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce musu ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Duk wanda ya ce maka wahalarka hujja ce cewa Allah ya bar ka, ka tambaye shi me zai ce game da gicciye.

Mu dawo gida. A shekarar 2014 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta shiga jejinta. A daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗa hannun mahara, aka mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, shugabanni da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki suka fantsama cikin daji da ƙafa, wasu suka haura duwatsu suka tsallaka Kamaru. Ikilisiyar da aka fara da sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923 ta koma tana tafiyar da al'amuranta daga Jos kamar baƙuwa. In akwai lokacin da mutum zai ce Allah ya bar wata jama'a, to wannan ne.

Amma ka tambayi waɗanda suka isa Yola a waɗannan makonni ƙafa a kumbure, su gaya maka inda suka kwana. Mafi yawansu ba a sansanin gwamnati suka sauka ba, a gidajen mutane ne. Malamin makaranta mai ɗaki biyu ya karɓi dangi da waɗanda ba dangi ba har tsakar gida ta cika, tukunyar da ake ɗorawa don mutum shida aka koma ƙara mata ruwa don ta zagaya. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa ta buɗe ƙofarta ga dubban mutane ba tare da an tambayi kowa ɗariƙarsa ko addininsa ba. Bishop ɗin majami'ar, Stephen Dami Mamza, bai tsaya nan ba. Daga baya diyosis ɗinsa ta gina gidaje 86 a Sangere-Marghi don waɗanda ba su da inda za su koma, aka buɗe su a 2021, da majami'a, da kuma masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. EYN kuwa ta koma Kwarhi, kuma a 2023 ta yi bikin cika shekara 100.

Wani lokaci ma rijiyar takan fito daga inda ba a zata ba. Ranar 23 ga Yuni 2018, mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato. Mutane suka gudo Nghar. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya shigar da su gidansa da masallacinsa, mutum 262, akasarinsu Kirista. Ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu, ya ƙi ba da ko mutum ɗaya. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi saboda wannan. Mai bi da ya kwanta a tabarmar masallaci ran nan ya fito da ransa, in ya ce Allah bai ji addu'arsa ba, bai yi adalci ba. Allah ya ji, ya kuma amsa ta hannun wanda ya ga dama.

Na san akwai mai saurarona da ke cewa a ransa, to, mu da ba mu sami liman ko bishop ba fa? Mu da namu suka tafi ba su dawo ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan tsallake ta ba. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. Ikilisiyoyi suka yi addu'a, suka yi azumi. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. A Dapchi, ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka kwashe 'yan mata 110. Bayan wata guda aka dawo da mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, domin, kamar yadda ƙawayenta suka faɗa, ta ƙi barin bangaskiyarta. Shekaru suka yi ta wucewa iyayenta suna jira. Ba ni da bayanin da zai sanyaya wannan, kuma duk wanda ya ce yana da shi, ku yi hattara da shi. Abin da na sani shi ne, a bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, Rabaran Andimi ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin al'amarinsa yana hannun Allah, ya roƙi a kula masa da iyalinsa. Mutum ba ya samo irin wannan natsuwa daga jikinsa a gaban masu shirin kashe shi. A Getsamani ma Yesu ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon wahala, ba a kawar ba, amma Luka ya rubuta cewa mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi. Ni na gaskata cewa wanda ya sha wannan ƙoƙo bai bar bawansa shi kaɗai a wannan daji ba.

To, yaya mutum zai koyi gani? Sau da yawa abin yana gaban idonmu, sabo ne ya sa ba mu lissafa shi. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a unguwar masu bi ya san abin da zan faɗa. Kafin gari ya gama wayewa matan Zumunta sun iso, wannan da ƙullin garin masara a kai, waccan da itace, wata da kuka da daddawa a leda. Babu wanda ya aike su. Sun kafa murhu a bayan gida, sun ɗora babbar tukunyar da aka aro daga majami'a. Tsofaffi biyu sun shiga ɗaki sun zauna a tabarma, ɗaya a damar matar da aka yi wa rasuwa, ɗaya a hagunta. Ba sa yi mata wa'azi. In ta yi kuka su ƙyale ta ta yi. In ta gaji, ɗaya ta miƙa mata kofin kunu ta ce, "Daure ki sha ko kaɗan ne, 'yata, saboda yaran nan." In ta ƙi, a ajiye kofin, a jima a sake miƙawa. A waje kuma wasu sun fara waƙa a hankali. Waɗannan mata suna da nasu bashin, wasu a cikinsu da zafin nasu rashin, amma ga su. Bayan wata shida wannan gwauruwa tana iya cewa Allah ya manta da ita, kuma zafin da ke sa ta faɗi haka na gaske ne. Sai dai ina so wani mai hankali ya zauna kusa da ita, ba da faɗa ba, ya ce, "Mama, kin tuna wanda ya riƙe miki kofi ran nan? Wa kike gani ya turo ta?"

Ga abin da nake ba ku shawara ku gwada a gida. Da yamma, kafin addu'ar iyali, a maimakon a fara da jerin buƙatu, maigida ko uwargida ta tambayi kowa, har yara: yau ina ka ga hannun Allah? Kada a nemi babban abu. Mai shago ya ɗaga mana ƙafa har ƙarshen wata. Direba ya ce a bar kuɗin mota. Zazzaɓin jariri ya sauka da asuba. Na yi barci bayan kwanaki ina juyi. Ranar da wani ya ce ni yau ban ga komai ba, kada a tsawata masa, a bar shi ya faɗi gaskiyarsa, sauran su gani a madadinsa. Wannan ba rufe ido ba ne daga halin da ake ciki. Mai bi yana da haƙƙi ya yi kuka, ya nemi magani, ya tambayi masu mulki ina tsaron da suka yi alkawari, ya kuma ƙi yarda a saba da zubar da jini. Amma zai fi ƙarfin yin duk wannan in ya san ba shi kaɗai ya rage ba.

A Luka sura 24, almajirai biyu sun kama hanyar Imuwasu ran tashin Yesu daga matattu, fuska a murtuke, suna ba wani baƙo labarin yadda begensu ya rushe. Baƙon nan Yesu ne, ya yi ta tafiya tare da su a wannan hanya mai nisan kusan kilomita 11 ba su gane shi ba. Da yamma ta yi suka matsa masa ya kwana wurinsu, ya zauna cin abinci, ya gutsuttsura gurasa, sannan idonsu ya buɗe. Da sun bar baƙon ya wuce cikin dare, da sun kwana da baƙin cikinsu.

Saboda haka ina roƙonku, jama'a. A layinku akwai gidan da hayaƙin girki bai tashi ba yau, kun san shi. Akwai ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada tun da aka sallame shi daga aiki, kunya ce ta hana shi. Akwai matar da mijinta ke hannun masu garkuwa, mutane sun gaji da zuwa gaishe ta. Kafin Lahadi mai zuwa ku je. Ku tafi da abin da ya sawwaƙa, ko mudu ɗaya ne, ko kuɗin magani, in babu ku tafi da ƙafarku ku zauna. Kada ku yi musu bincike a kan zunubinsu. Ku kuma da wuyar take kanku a daren nan, in an ƙwanƙwasa muku ƙofa ku buɗe, in an miƙo ku karɓa, kada kunya ta sa ku ce kun ƙoshi.